Gefen da Aka Gyara Shi Ya Ruɓe

A wani gida da ke unguwar Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina, akwai wata Peugeot 504 mai ruwan madara wadda ta ɗaure wa masu gyara kai. Haɗin Kaduna ce, ta farkon shekarun 1980. Marigayi mai gidan, ma'aikacin gwamnati, ya saye ta sabuwa fil da bashin mota tun Katsina na cikin jihar Kaduna, kafin a yanke ta a 1987. Da ya rasu sai ta koma hannun babban ɗansa, malamin makaranta, abokina tun ƙuruciya. Yana da wata motar ta zirga-zirga. Fijon ta masallacin Juma'a ce da ɗaurin aure, sai kuma ranar sallah idan zai kai iyali kallon hawa a Ƙofar Soro.

A zamanin marigayin ta taɓa faɗawa kwalbati ta gefen dama, a ɗaya daga cikin lungunan unguwar da mota biyu ba sa iya giftawa. Ƙarfen ƙasa ya lotse, aka yi mata kwaskwarima aka ci gaba da tafiya. Da Malam ya yi niyyar mayar da ita yadda mahaifinsa ya saye ta, sai ya kai ta wani gareji aka yanke duk abin da ya lalace a wannan gefe: rabin daɓen da fasinja ke ɗora ƙafa, da dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen nan mai kogo da ya miƙe ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya. Aka sa sabon ƙarfe, aka yi walda, aka liƙe, aka shafe ƙasan da kwalta baƙi wuluk, aka fesa fenti. Gefen direba ba a taɓa shi ba, don babu abin da ya same shi.

Damina biyu bayan haka fenti ya fara kumbura a ƙasan dokin ƙofar dama. In an danna da farce sai jan ruwa ya fito. Gefen hagu kuwa, mai shekara 40 da ɗoriya, garau yake.

Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne Katsina ba garin tsatsa ba ne. Ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 700 ba, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Legas tana samun ninkin wannan har da ƙari, ga iskar teku mai gishiri. Motocin da aka sani da ruɓaɓɓen ƙasa su ne waɗanda ake shigowa da su daga Turai ta Kwatano, su bi ta Maraɗi su sauko Jibiya, saboda gishirin da ake watsa wa titunan can lokacin ƙanƙara. Wannan kuwa ba ta taɓa ganin gishiri ba. A rumfa take kwana, kuma in hadari ya haɗu Malam ba ya fitar da ita.

Zargin farko kan robobi ya faɗa, kamar kullum. Duk wanda ya ga tsatsa a ƙasan mota abin da zai fara cewa shi ne robar gilashi ko ta ƙofa ta mutu, ruwa na bi ta nan yana kwanciya ƙarƙashin kafet. Magana ce mai kama hankali, don robar da ta sha ranar Katsina shekara da shekaru ta isa ta bushe ta tsage. Aka cire kujeru da kafet, aka barbaɗa garin alli a daɓen duka, aka sa yaro ya zauna ciki da tocilan an rufe ƙofofi, sannan aka saki tiyo a kan motar daga rufi har ƙasa. Ruwa ya shiga, amma ɗigo ne kaɗan a kusurwar gilashin baya, kuma ta hagu, gefen da lafiyarsa lau. Allin gefen dama ko danshi bai yi ba. An sauya robar duk da haka, tunda an riga an saya.

Sai majalisa ta koma kan ƙarfe. Tsofaffin direbobin wagon da suka yi zamani a hanyar Kano suka ce ƙarfen yanzu ba ƙarfe ba ne, na da shi ne ƙarfe, ai da 504 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya a 1975. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin ba sabon abu ba ne mai gyaran bodi ya yanko faci daga jikin tsohon firji ko durom. Malam ya fi karkata ga wannan bayani, ina jin don yana ba shi wanda zai ɗora wa laifi kai tsaye. Amma da aka kankare kwaltar a tsakiyar sabon ƙarfen, sai ga shi yana ƙyalli. Tsatsar ba ta bazu ba. Layi ta bi, miƙaƙƙe, daidai inda ƙarfe biyu suka hau juna. Abu na biyu shi ya ƙarasa kashe maganar: a bakin haɗin, tsohon ƙarfen motar ma ya ci, na asalin, irin wanda ke gefen hagu bai yi komai ba. Ƙarfe ɗaya, shekaru ɗaya, rumfa ɗaya. Ashe a gaɓar matsalar take.

A nan aka cije, har wani ya ba da shawarar a ɗauko wani dattijo, tsohon fanel bita da ya koyi aiki a Kaduna lokacin da Fijo ke tashe, wanda yanzu ya bar wa yaransa guduma, sai dai ya zauna a benci yana nuni da sanda. Da ya zo bai ko durƙusa ya leƙa ƙasan motar ba. Ya zagaya ta, ya shafa bonet da bayan hannu, ya duba hannun.

"Malam, wa ke wanke maka ita?"

"Yaron gida ne, Baba. Kullum da safe, ko za ta fita ko ba za ta fita ba. Ƙarshen wata kuma in kai ta wajen wanki a wanke ƙasan da inji, a fesa mata baƙin mai."

Da alfahari ya faɗi haka, kamar mai neman a sa masa albarka.

"To kai ka ce ba ta shan ruwan sama. Mi ya fi wannan damina? Ta Allah wata huɗu ce, taka wata goma sha biyu."

Malam ya yi jim, sannan malantar ta motsa. "Amma Baba, ai duka gefen biyu yake wankewa."

"Shi ya sa ban ce maka na gano ba. Na dai gano inda ruwan ke fitowa. A kai ta bisa rami."

Masu mota da yawa ba su taɓa tsayawa sun yi tunanin cewa ba a ƙera jikin mota don ya hana ruwa shiga ba. Inda mutane ke zama ne kawai aka killace. Robar da ke gefen gilashin ƙofa share ruwa take yi, wani kaso kuma ya zurare cikin ƙofar. Ragar da ke gindin gilashin gaba, inda iska ke shiga, ruwa ma nan yake bi. Ramukan da aka maƙala adon jiki, ginshiƙan da ke riƙe da rufi, duka hanyoyi ne, kuma da yawansu a dokin ƙofa suke ƙarewa, don shi ya fi kowa ƙasa. A 504 wannan ƙarfe aiki yake yi. Motar ba ta da shasi daban irin na babbar mota, jikin shi ne shasin, kuma dokin ƙofa na cikin abubuwan da ke ɗauke da nauyinta. In ya ruɓe, ranar da aka sa jak sai dai a ga ya shige ciki.

A cikin rami dattijon ya karɓi ƙaramar guduma ya bi gefen hagu yana ƙwanƙwasawa. Ƙara mai amo ce tun daga gaba har baya. Ya koma dama. Daga gaba amo, daga tsakiya zuwa baya sai ƙarar ta mutu, tim, tim. Ya sa yaronsa ya huda ƙaramin rami a inda ta fi mutuwa. Bakin abin hudar ya fito da jan taɓo, da aka faɗaɗa ramin sai ruwa ya biyo baya. Watan Maris ake ciki, rabon Katsina da ruwan sama tun wajen Oktoba.

Taɓon ma yana da nasa bayanin. Ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, laushinta ya kai ta shiga duk inda iska ke shiga. A kogon da ke da mafita ba ta da wata illa, ruwa ya zo ya wanke ta su fita tare. In babu mafita sai su haɗu su kwanta, kuma taɓo ya fi tsurar ruwa ɓarna, domin yana riƙe danshi a jikin ƙarfe ko da zafin Afrilu ya kai digiri 40. Kafin ya bushe, bokitin gobe ya iso.

Saura tambayar Malam. Ruwan da ke shiga ta hagu, ta ina yake fita?

Dattijon ya sa aka goge leɓen ƙasan dokin ƙofar hagu da tsumma da kananzir har aikin kamfani ya bayyana. Ga danƙon da aka liƙe gaɓar da shi tun a Kaduna, fari-fari, faɗin babban yatsa, da sawun buroshi a jikinsa, ba shi da wani kyan gani. Kuma ba a haɗe yake ba. Ya tafi ya tafi sai ya yanke, a bar tazarar yatsa biyu, sannan ya ci gaba.

Malam ya san da waɗannan giɓɓa. Wanda ya yi masa aikin farko ya taɓa nuna masa su, ya ce ka ga ha'incin ma'aikatan kamfani, ko liƙi ba su iya gamawa ba, ni nawa ba za ka ga ko ƙofar allura ba. Ya kuwa cika alkawari. Gefen dama a shafe yake sumul daga taya zuwa taya.

Tsohon ya lanƙwasa waya ya zura a ɗaya daga cikin giɓɓan. Ta shige har cikin kogon. Ya haska tocilan. A daidai wurin an ɗan tura leɓen ƙarfen waje tun wajen ƙira, ya bar siririyar kafa. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowanne haka yake.

"Ka taɓa ganin magini ya yi yaɓen soro ya shafe indararo don kada ruwa shi shiga? Abin da aka yi maka ke nan. Gyaran gangar Auzinawa."

Da a nan maganar ta ƙare da an huda ramuka an tashi, kuma haka Malam ya so, don ya fara lissafin kuɗi a zuci. Sai dai akwai layin tsatsa na biyu, wanda toshewar magudana ba ta bayyana shi ba. Yana can inda sabon daɓe ya hau kan tsoho, ƙarƙashin kujerar fasinja, nesa da kogon da taɓo ya kwanta. Ta ciki alli ya riga ya nuna babu ruwa. Ta waje kwalta ta rufe. Amma tsatsa ta kumbura gaɓar har ƙarafan biyu sun fara rabuwa.

Dattijon ya ce a yanko masa yanki daga nan, girman tafin hannu. A gefen hagu kuwa ya hana a sa zarto. Wuƙa ya sa a wani ɓoyayyen wuri ƙarƙashin kujerar baya, ya yanki danƙon a karkace don a ga me ke kan me. Muka sa kai muna kallo. Ƙarfe ne a ƙasa, sai siririn fentin farko mai ruwan toka, sai danƙo, sai fentin madara a bisa. Danƙon har yanzu da sauran taushinsa, farce na shiga, ƙarƙashinsa kuma tas.

Wannan jeri da gangan ake yin sa. A masana'antun mota na wancan zamani, da waldar ɗigo ake haɗa jiki: a ɗora leɓen ƙarfe kan leɓe, a matse su tsakanin bakin tagulla biyu, wutar lantarki ta narkar da ɗan wuri ƙarami. Dubban irin waɗannan ɗigo ne ke riƙe da mota guda. Tsakanin ɗigo da ɗigo ƙarafan kwance kawai suke a kan juna, da 'yar kafar da ido ba ya gani. Daga nan a wanke jikin a raba shi da maiƙo, a jiƙa shi da sinadarin fosfet da ke sa fenti ya kama, a yi masa fentin farko, sannan a bi gaɓoɓi da danƙon roba na PVC, wani wuri da bindigar matsawa, wani wuri a baje da buroshi. Wannan danƙo ba ya daskarewa sai an shigar da jikin tanda mai zafin digiri 140 ko fiye. Bayan nan launi ya hau. Wato a ƙa'idar kamfani danƙo ba ya haɗuwa da tsiraicin ƙarfe. Aikinsa tare bakin kafa, kare ƙarfe kuwa aikin fentin da ke ƙasansa ne. Ga motocin wancan lokaci wannan ya fi zama dole, don galibinsu ba a yi wa ƙarfensu wankan tutiya irin na kwanon rufi ba. Sai daga tsakiyar shekarun 1980 hakan ya fara yaɗuwa, Audi na cikin waɗanda suka fara yi wa jiki gaba ɗaya.

Me ya sa ake wannan wahala a kan kafar da ko ido ba ya gani? Don siririyar kafa zuƙar ruwa take yi da kanta, har ta ja shi sama, kuma ba ta sakinsa. A bakinta iska na isa, can ciki ba ta isa sosai, wannan bambanci kuma kan sa cikin ya riƙa cinyewa da sauri fiye da ƙarfen da ke fili. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ninki, don haka tana tura leɓen biyu, kafa ta ƙara buɗewa, ruwa ya ƙara samun wuri.

Aka juya yankin da aka yanko daga dama. Kwalta ce a waje, wani wuri ta yi laushi tana kama hannu, wani wurin ta tsage. Ƙarƙashinta fila, wadda ake cike lotsa da ita, ta jiƙe ta yi ja. Ƙarƙashin filar wani farin abu mai santsi, wanda yaron dattijon ya kama bakinsa ya ja, ya taso gaba ɗaya bai bar komai a jikin ƙarfen ba. Ƙarfen kuwa tsirara, baƙi-baƙi da ƙunar wuta, da jan layi a tsaka. Fentin farko babu ko kaɗan.

"Oga, silikon ne," in ji yaron. "Na masu tagar alminiyon."

Tsohon ya tambayi Malam ko ya leƙa garejin ranar da ake liƙin, ko kuma ya ji wani wari. Malam ya tuna. Wari mai tsami, mai hawa ido, irin na ruwan khal.

"Ruwa ba ya tsami banza."

Irin wannan silikon, mai arha da ake samu a kowane shagon kayan gini, asid yake fitarwa yayin da yake bushewa, ainihin wanda ke cikin khal. A kan gilashi ba damuwa. A kan ƙarfen da babu fenti shi ke kunna tsatsar da kansa. Ga shi fenti ba ya kama shi, abin da ya sa aka bi shi da fila ke nan don a sami abin fesawa. Fila kuwa tana shan ruwa, kuma ba ta lanƙwasa, alhali gaɓar mota motsi take yi duk lokacin da taya ta faɗa rami. Ba ta daɗewa ta tsage.

Tambaya ɗaya ta rage wa dattijon, wato a wane wata aka yi aikin. Agusta. An gama walda sai kuɗi suka tsinke, motar ta zauna makonni a rumfar garejin kafin a liƙe. Waldar gas aka yi, wadda harshen wutarta ke ƙone duk fentin da ke kusa, ciki da waje. Ƙonannen ƙarfe tsirara cikin danshin tsakiyar damina, tun kafin a matsa silikon tsatsa ta riga ta shiga tsakanin leɓen. Rufe ta aka yi a ciki. Sauran aikin wajen wanki ya ƙarasa. Baƙin mai da ake fesawa yana sassauta kwalta, zafi ya busar da inda man bai kai ba ta tsage, ƙarfin ruwan inji kuma ya tura ruwa ta tsagar har jikin fila, kowane ƙarshen wata.

Ban ga dalilin tsine wa mai aikin farko ba, ko da yake Malam ya yi kwanaki yana yi. Abin da muke biya a yi mana ya yi. Mai mota a garin nan in ya je karɓar aiki ƙyallin fenti yake dubawa, sannan ya duƙa ya ga ƙasa baƙi sumul, ya ce madalla. Da an bar masa kafofi a buɗe, da shi da kansa zai ce ba a gama ba. Danƙon da ya dace kuma ba a kowane shago yake ba, ya fi silikon tsada nesa ba kusa ba, kuma wanda aka yi wa ciniki har ƙashi ba zai cika daga aljihunsa ba. Inda na ga laifinsa guda ne. Amsar tana gefen hagu, taku biyu daga inda yake tsugune, ya kalle ta ya kira ta ha'inci.

Da aka zo sake aiki Malam ya zo da hotuna a waya, na wasu 504 da aka farfaɗo da su a Faransa, ƙasansu tsaf. Dattijon ya duba ya miƙa masa abinsa.

"Waɗannan ɗiyan Faransa ne. Taka ɗiyar Kaduna ce."

Yana da hujja. A 1968 aka fito da 504, zanen kamfanin Pininfarina na Italiya, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, gidanta kuma Sochaux. Amma tun da masana'antar Peugeot Automobile Nigeria ta fara aiki a Kakuri a 1975, a wargaje kayan ke zuwa. Har akwai shekarun da jiragen sama ke jigilarsu daga Liyon zuwa Kano saboda cunkoson tashar ruwan Legas, a ɗora a manyan motoci a gangara Kaduna. A can ake waldar jiki, a liƙe, a fesa fenti. Turai ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Hannun da ya riƙe buroshin wannan mota hannun Kakuri ne, na wata shekara takamaimai, kuma babu hoton da zai nuna aikinsa fiye da motar kanta. Masu gasar tsofaffin motoci a Turai da Amurka sun san da haka. Alƙalansu kan duƙa su duba har sawun buroshi, kuma mota kan iya rasa maki don an yi mata liƙin da ya fi na kamfani kyau.

Saboda haka ya sa aka manna dogon kwali a leɓen hagu, aka zana kowane giɓi da kowane ɗigon walda, aka juya kwalin aka kai dama. Aka yanke duk abin da ya ruɓe, aka gurza har ƙarfe ya yi fari. Fuskokin da za su hau juna aka shafa musu fenti mai tutiya wanda ke jure walda. Ba su da injin waldar ɗigo, sai suka huda ramuka a leɓen sama a tazarar da kwali ya nuna, suka cike kowanne da waldar lantarki, wadda zafinta ba ya yaɗuwa kamar na gas. Ranar da aka gama walda ranar aka goge da tinna aka fesa fentin farko mai haɗi biyu. Bai yarda ƙarfe ya kwana tsirara ba, duk da bazara ce.

Tanda babu, don haka danƙon kamfani ba zai yiwu ba. Daga Kano aka aiko da na foliyuretan, wanda ke bushewa a iska, yake karɓar fenti, ya kuma zauna da taushinsa. Aka rufe giɓɓan da tef. Yaron ya matsa layi, ya sa yatsa zai shafe shi sumul, tsohon ya ture hannun da sanda. Ya karɓi buroshi mai faɗin inci ɗaya, ya datse rabin gashin da almakashi don ya yi tauri, ya danna danƙon cikin gaɓar da ja ɗaya, ba komawa. Sawun ya fito irin na hagu. Malam ya ɓata fuska.

"Baba, ai sai a ce ba a iya ba."

"Wanda ya sani ba ya cewa haka. Wanda bai sani ba kuma, mi ya kai shi ƙarƙashin motarka?"

Ni dai bayan tsohon nake, kuma ba don kamanni kaɗai ba. Buroshi mai tauri cusa danƙo yake yi cikin kafa. Yatsa sau da yawa shimfiɗa shi yake a sama, ya janye shi ya yi siriri a gefe, ya bar iska a ƙasa.

Aka cire tef tun danƙon na ɗanye. Sai kuma abin da babu wanda ya zata, danƙon ya ƙi bushewa a lokacin da aka rubuta a jikinsa. Da danshin iska yake daskarewa, iskar Katsina a wannan lokaci kuwa ba ta da shi. Aka yayyafa ruwa a ƙasan rumfar, aka kewaye da tamfol, aka ƙara masa kwanaki kafin fenti ya hau. Kwalta ba ta koma ba. Cikin kogon aka zura siririn tiyo aka fesa kakin hana tsatsa.

Da buta aka yi gwajin ƙarshe. Aka ɗura ruwa ta wani rami a gindin ginshiƙin tsakiya, mu kuma muna ƙasa muna kallo. Kafofin suka fara zuba ɗaya bayan ɗaya, ban da ta ƙarshe wajen tayar baya, daidai inda taɓo ya fi taruwa a da. Kakin ne ya gangaro ya toshe ta. Waya ta buɗe ta, ruwa ya zubo. Dattijon ya miƙa wa Malam wayar ya ce ya ajiye ta cikin motar, ya riƙa bin kafofin da ita bayan hunturu da kuma gab da damina. Wanki sau ɗaya a mako ya isa, sauran kwanaki a share ƙura da tsumma, baƙin mai kuwa ko kusa.

Malam na cikin ƙirga kuɗin sallama tsohon ya buɗe ƙofar dama ta baya, ya bi ƙasanta da yatsa, ya sake karɓar wayar ya soka inda ya kamata a sami kafa. Ba ta shiga ba. Ya gwada ƙofar gaba, ita ma haka.

"Su ma shi ya fesa maka su?"

"Shi ne, Baba."

"To mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Yara, ku kwance mani ƙofofin nan biyu."